Dashen furanni a garkar gida

1. MU LURA

Kafin mu fara karatu, kowane rukuni ya fita bayan aji ya samo ƙananan tsirrai biyu iri ɗaya. Na farko ku fizge shi da hannu. Na biyu ku tono shi da cokali, tare da ƙasar da ke jikinsa. Ku jera su bisa takarda, ku duba da kyau.

Wanne ne ya fi yawan saiwoyi? Wanne ne saiwoyinsa suka tsinke? Ku bar su bisa tebur har lokacin fita shan iska. Wanne ne ya riga yin yaushi?

2. MU KARANTA

Furannin Auta

A farkon watan Nuwamba, malam ya raba wa ƴan aji biyar irin furanni. Kowa ya samu ɗan ƙulli a takarda. Auta ta kai nata gida, ta nuna wa innarta.

Inna ta ce: « Auta, kin san ruwan gidan nan saye muke yi wurin ɗan garuwa. Na ba ki bokiti ɗaya kowace rana, na kuma ba ki wurin da ke bayan madafi. Amma in abin ya mutu, yakuwata zan shuka a wurin. »

Auta ta samo wata tsohuwar roba mai huda, ta cika ta da ƙasa da taki, ta yafa irin. Kwana biyar sai ga tsirrai sun fito. Ta ƙirga, ta sami 40. Bayan sati uku sun cika robar, suna ta matse juna.

Ran Asabar da tsakar rana, Auta ta ce yau za ta yi dashe. Ta kwaso kashin awaki na ranar, ta zuba a ramu. Ta kama tsirrai 20 a wuya, ta fizge su ɗaya bayan ɗaya, ta cusa cikin ramun, ta yayyafa ruwa, ta tafi wasa.

Da la'asar ta dawo, ta iske duk sun kwanta. Kashegari uku kaɗai suka ɗaga kai. Auta ta zauna bakin madafi tana kuka.

Kakanta ya fito daga zaure. Shi tsohon mai garka ne, ya yi shekaru yana dashen albasa a Galmi. Ya ce: « Amaryata, wa ya taɓa mini ke? »

Ta ce: « Kaka, furannina sun mutu. Inna za ta karɓe wurin. »

Kaka ya tsuguna, ya zaro mataccen tsiro ɗaya, ya duba. Ya ce: « Ina saiwarsa? »

Auta ta duba cikin roba. Ga guntayen saiwoyi nan farare, sun rage cikin ƙasa.

Kaka ya ce: « Kin raba shi da bakinsa, kin tsayar da shi cikin rana, kin kuma sa masa ɗanyen taki. Ko ni aka yi wa haka sai na kwanta. Saura nawa a robar? »

Ta ce: « Ashirin. »

Ya ce: « Sun isa. Amma wannan karon sai yadda na ce. »

Ran Litinin suka kwashe ɗanyen takin, suka kaftu wurin, suka zuba tsohon taki wanda ya ruɓe ya yi baƙi. Kowace safiya Auta tana fitar da robar cikin rana, kullum tana ƙara mata lokaci. Ran Asabar da hantsi ta jiƙa robar sosai. Da rana ta yi sanyi, bayan la'asar, Kaka ya ba ta tsohon cokali. Ta riƙa tono tsirrai ɗaya ɗaya da dunƙulen ƙasarsu, tana sawa a rami, tana danna ƙasa da yatsu, tana zuba ruwa a gindi. Kaka ya kafa ƴan sanduna huɗu, ya ɗora guntun zana a bisa.

Kashegari ganyayen suka ɗan langaɓe. Auta ta tsorata. Kaka ya ce: « Baƙunta ce. Ba su kwana uku. »

A rana ta huɗu tsirrai 18 suka miƙe tsaye. Cikin sati na biyu sabon ganye ya fito. A watan Janairu bayan madafi ya cika da furanni masu ruwan ɗorawa da masu launin lemo, ƙudan zuma suna ta kai da kawowa.

Inna ta tsaya ta duba. Ta ce: « To, Auta, wuri ya zama naki. Yakuwata sai ki dasa mini ita a gefe, tun da kin iya. »

3. MU FAHIMTA

Furanni masu rayuwar shekara ɗaya

Akwai tsirran da ke yin shekaru da yawa, kamar kuka da mangwaro da dogon yaro. Akwai kuma waɗanda ke tsira, su girma, su yi fure, su yi ƴaƴa, su bushe, duk cikin ƴan watanni. Gero da wake da riɗi haka suke. Furannin da muke magana a kansu yau su ma haka suke. In ana son su baɗi, sai an sake shuka irinsu.

Ga huɗu da ke jure zafin ƙasarmu:

Tajet: furensa ruwan ɗorawa ne ko launin lemo, ganyensa yana da wari mai ƙarfi. Shi ne wanda Auta ta dasa. Ya fi sauran sauƙin dashe.

Ziniya: tana da launi iri iri, ja da fari da ruwan hoda. Ba ta son a taɓa mata saiwa.

Kosmos: dogo ne, ganyensa siriri, ba ya son taki mai yawa.

Zankon zakara: furensa ja ne mai nannaɗe, kamar zankon da ke kan zakara.

Mene ne dashe?

Dashe shi ne a ɗauke ƙaramin tsiro daga inda aka rene shi, a kai shi inda zai zauna har ƙarshen rayuwarsa. Wurin da ake renon tsirrai shi ake kira wurin renon iri. Yana iya zama ɗan fangali cikin inuwa, ko tsohuwar roba, ko kasko, ko gwangwanin madara da aka huda gindinsa.

Me ya sa ba a shuka irin kai tsaye? Domin ƙwayar ƙanana ce, iska da kaji da tururuwa suna kwashe ta. Domin kuma ruwa: kofi biyu sun isa roba ɗaya mai tsirrai 40, amma ba su isa babban fangali ba. Sa'annan mai dashe yana zaɓen tsirrai masu ƙarfi, ya bar raunana.

Ba kowane tsiro ake dasawa ba. Karoti da wake da gyaɗa a wurin zamansu ake shuka su. Ziniya kuwa, in za a dasa ta, gara a rene ta ɗaya ɗaya cikin gwangwani ko ƴar leda, don a fitar da ita da ƙasarta duka.

Me ya kashe furannin Auta na farko?

Tsiro da saiwa yake shan ruwa. A jikin ƙananan saiwoyi akwai wasu siraran zare, sun fi gashin kai sirantaka. Sunansu gashin saiwa. Su ne ke tsotso ruwa da abinci daga ƙasa. In an fizge tsiro, yawancinsu suna tsinkewa.

Ganye kuma fitar da ruwa yake yi. A jikinsa akwai ƴan ƙofofi da ido ba ya gani, sai da madubi mai ƙara girman abu. Ta nan ruwa ke fita ya bi iska, kamar yadda zufa ke fita daga jikinmu. In rana ta yi zafi ko iskar hunturu tana busawa, ruwan da ke fita yana ƙaruwa.

To, ga tsiro an tsinke masa saiwa, ba ya iya sha. Ga rana tana jan ruwan da ke cikin ganyensa. Abin da ke fita ya fi abin da ke shiga. Shi ya sa yake yin yaushi, ya kwanta, ya mutu.

Ɗanyen taki ya ƙara masa wahala. Kashin dabba da bai ruɓe ba yana da zafi, yana ƙona ƙananan saiwoyi, yana kuma jawo gara. Takin da ya dace shi ne wanda ya daɗe, ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, ba ya wari.

Yaushe ake dashe?

A kudancin Nijar, lokacin da ya fi shi ne lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Janairu. Rana ba ta da zafi ƙwarai, ruwan da aka zuba yana daɗewa cikin ƙasa. Ana iya yi da damana ma, bayan an yi ruwa, ranar da gari ya yi lumshi. Da bazara, a watannin Afirilu da Mayu, dashe yana da wuya.

A cikin yini, da marece ake yi. Tsiron yana samun dare guda cikin sanyi kafin rana ta same shi.

Tsiron ma yana nuna lokacinsa. Ganye biyu na farko da ke fitowa daga cikin ƙwaya ba su kama da sauran. Su ba a ƙirga su. A jira ganyen gaskiya su kai huɗu zuwa shida. Ga tajet, wannan yakan ɗauki sati uku zuwa huɗu bayan shuka. In an yi gaggawa, tsiron bai yi ƙwari ba. In an daɗe, ya yi tsawo ya rame, saiwoyinsa sun sarƙe da na maƙwabtansa.

4. YADDA AKE YI

Kayan aiki: hauya, tsohon cokali, ɗan tsinken icce mai kauri, igiya, butar ban ruwa ko gwangwani mai ƙananan huda, ruɓaɓɓen taki, guntun zana ko karan dawa.

Sati ɗaya kafin dashe:

1. A zaɓi wurin da rana ke samu aƙalla rabin yini. A ƙarƙashin babban icce furanni ba su yin kyau.
2. A kaftu ƙasa zurfin santimetir 20, wato kamar taƙin babban mutum. A fitar da duwatsu da leda da saiwoyin haki.
3. A gauraya ƙasar da taki, a daidaita ta, a ɗan tada gefen fangali don kada ruwa ya gudu.
4. A fara saba wa tsirran da rana. Yau awa ɗaya, gobe awa biyu, har su iya yini. A ɗan rage masu ruwa, amma kada a bari su yi yaushi.

Ranar dashe:

5. Da safe a jiƙa wurin renon iri sosai, don ƙasa ta kama saiwa. A jiƙa fangalin ma.
6. Da marece a ja igiya, a yi ramu bisa layi. Tsakanin rami da rami a bar santimetir 25 ga tajet da zankon zakara, santimetir 30 ga ziniya da kosmos.
7. A sa cokali nesa kaɗan da gindin tsiro, a nutsa shi, a ɗago tsiron da dunƙulen ƙasarsa. In za a tallafe shi, a kama ganye. Tsiro yana sake ganye in ya yage, amma in kara ya murje shi ke nan.
8. A sa shi cikin rami nan take. Kada a tono da yawa a jera su suna jiran rami, iska tana busar da saiwa cikin ƴan mintoci.
9. Zurfinsa ya zama daidai da yadda yake a wurin renonsa. Kada saiwa ta lanƙwashe ta dubi sama.
10. A mayar da ƙasa, a danna da yatsu a hankali kewaye da gindi, don kada a bar kogo tsakanin saiwa da ƙasa.
11. A zuba ruwa a gindi sannu sannu, kamar kofi ɗaya ga kowane tsiro.
12. A yi masu rumfa da zana ko kara.

In cikin leda aka rene tsiron, a yanka ledar a cire ta kafin a sa shi a rami. Kada a jefar da ita a tsakar gida. Akuyar da ta ci leda tana rashin lafiya, wani lokaci har ta mutu.

5. BAYAN DASHE

Sati na farko a yi ban ruwa safe da marece. Bayan kwana uku ko huɗu a ɗauke rumfa. Daga sati na biyu, lokacin ɗari, sau ɗaya a yini yakan isa. Kafin ka zuba ruwa, sa yatsa cikin ƙasa. In da danshi, jira. Ruwa mai yawa yana ruɓar da saiwa.

A shimfiɗa busasshen haki ko ɓawon gyaɗa tsakanin tsirrai, kada ya taɓa kara. Yana hana ƙasa saurin bushewa. A riƙa ɗaga shi ana dubawa saboda gara.

Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganyen miya da shi yana da amfani a garka. Ruwan wanki mai sabulu da yawa da ruwa mai gishiri ba su da kyau ga tsiro.

A yi shinge da ƙaya ko kara. Akuya ɗaya tana gama fangali kafin a idar da salla, kaji kuma suna tone saiwa.

In wani tsiro ya mutu, a maye gurbinsa da wanda ya rage a wurin reno. Shi ya sa ba a dasa duka rana ɗaya.

In tajet ko ziniya ta kai tsawon taƙi, a tsinke ɗan kanta da farce. Sai ta yi rassa da yawa, furanni su ƙaru. Furen da ya bushe a cire shi, wani zai fito. Amma a bar waɗanda suka fi kyau su bushe bisa uwarsu. A murje su, a shanya irin cikin inuwa, a ajiye cikin takarda ko kwalba busasshiya, a rubuta suna da shekara. Baɗi ba sai an saya ba.

6. KUN SANI?

Asalin tajet ƙasar Meksiko ne, a nahiyar Amurka. Mutanen Sipaniya suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga nan ya bazu cikin duniya. A Meksiko ana ƙawata kaburbura da furensa ranar 1 da ranar 2 ga Nuwamba. A Indiya kuma ana shirya shi a zare, a rataya a wuya ko a ƙofar gida lokacin biki.

Ziniya ma daga Meksiko ta fito. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl von Linné, shi ya raɗa mata suna don tunawa da wani masani Bajamushe, Johann Gottfried Zinn, wanda ya rasu a 1759. A watan Janairu na 2016, ziniya ta yi fure cikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, can nesa bisa kawunanmu.

Furanni ba ado kaɗai ba ne. Suna jawo ƙudan zuma, su kuma suna ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan. Kankana da kabewa ba su yin ƴaƴa sosai in babu irin waɗannan ƙwari. Akwai kuma wasu ƴan tsutsotsi cikin ƙasa da ido ba ya gani, suna shiga saiwar tumatir da kuɓewa su sa ta yi ƙululu. Saiwar tajet tana fitar da wani abu da ke rage su. Shi ya sa wasu masu garka ke cika fangali da tajet kafin su dasa tumatir a wurin.

Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta kira jama'ar Nijar zuwa noman rani. Yawancin kayan noman rani dasa su ake yi: albasa, tumatir, shu, salati, tattasai. Yaron da ya iya dashen fure a bayan ɗakin innarsa ya riga ya koyi rabin aikin garka.

7. KALMOMI

dashe: le repiquage
wurin renon iri: la pépinière
ƙaramin tsiro: le jeune plant
fangali: la planche
saiwa: la racine
gashin saiwa: les poils absorbants
kara: la tige
dunƙulen ƙasa: la motte
taki: le fumier
butar ban ruwa: l'arrosoir
yaushi: se faner
tajet: l'œillet d'Inde
zankon zakara: la crête-de-coq

8. TAMBAYOYI

1. Wane sharaɗi Inna ta gindaya wa Auta? Me ya sa?
2. Faɗi kuskure uku da Auta ta yi a dashen farko.
3. Me Kaka yake nufi da ya ce Auta ta raba tsiron da bakinsa?
4. Me ya sa ake dashe da marece?
5. Ganye nawa ake jira kafin a yi dashe? Waɗanne ganye ne ba a ƙirgawa?
6. Kawo tsirrai uku da ake dasawa a garinku, da uku da ba a dasawa.

9. LISSAFI

a) Fangali yana da tsawon metir 2 da faɗin metir 1. An yi layi 4, kowane layi yana da tsiro 8. Tsirrai nawa ke cikin fangalin?

b) A dashen farko Auta ta dasa 20, uku suka rayu. A na biyu ta dasa 20, 18 suka rayu. Duka nawa suka rayu? Nawa suka mutu?

c) Bokitin Auta yana cin litir 10. Litir nawa ta zuba cikin kwana 30? In ana sayar da litir 20 dala 5, nawa Inna ta biya?

10. GWAJI

Ku samo farar leda marar huda. Da safe ku sa reshe mai ganye a ciki, yana bisa uwarsa, ku ɗaure bakin da zare. Ku dawo da azahar. Me kuka gani a jikin ledar? Daga ina ya fito?

Ku dasa tsirrai 10: biyar da tsakar rana babu rumfa, biyar da marece da rumfa. Ku ba su ruwa daidai wa daida. Kowace safiya ku rubuta cikin littafinku nawa ke tsaye, nawa suka kwanta, har kwana bakwai. Ran ƙarshe kowane rukuni ya karanta wa aji abin da ya samu.

11. AIKIN GIDA

Je wurin wani mai garka a unguwarku. Gaishe shi, ka tambaye shi wata nawa yake dashe, da yadda yake gane tsiron da ya isa dashe. Rubuta amsarsa cikin jimla biyar.

12. MU RIƘE

Ana dasa tsiro in ya yi ganyen gaskiya huɗu zuwa shida. Ana jiƙa shi da safe, a dasa shi da marece, tare da dunƙulen ƙasarsa. Ana sa masa ruɓaɓɓen taki, a danna ƙasa a gindinsa, a ba shi ruwa nan take, a yi masa inuwa kwana uku ko huɗu.